Mabiyiya ta Sauko Ƙasa: Yadda Aka Tsayar da Ranar Tiyatar Wata Mai Ciki na Shida

Tiyatar haihuwa da aka shirya tun da wuri, idan babu wata larura, a mako na 39 ake sa ta. Kafin nan huhun jariri bai gama shirin shaƙar iska ba, musamman wanda aka ciro ba tare da naƙuda ta matse shi ba. Mabiyiyar da ta sauko kusa da bakin mahaifa tana cikin 'yan dalilan da ke sa likita ya karya wannan ƙa'ida yana sane. Abin da ake muhawara a kai shi ne mako nawa za a rage, domin duk makon da aka ƙara jariri ne ya samu, uwa kuma ita ke ɗaukar haɗarinsa.

Lamarin da ke ƙasa an tsara shi ne don nazari, daga irin abin da ɗakunan haihuwa na manyan asibitocinmu suka saba gani. Babu sunan mutum, babu sunan asibiti.

Mai cikin

Shekararta 34, wannan ne cikinta na shida. Huɗu na farko a gida ta haife su lafiya. Na biyar, shekara uku da suka wuce, yaron ya kwanta a gicciye, aka yi mata aiki. Tana zaune a wani gari a Jigawa, kilomita 38 daga babban asibiti, kuma kilomita goma sha biyun farko ba kwalta, sai an ratsa fadama. Maigidanta manomi ne, gero da riɗi.

Ta ce hailarta ta ƙarshe a farkon watan azumin tsofaffi ta zo. Ba ta fara awo ba sai ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, kuma a ranar aka yi mata sikanin na farko. Girman yaron ya ba da mako 21, ya yi daidai da lissafinta. Amma mai sikanin ya ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar: mabiyiya tana bangon baya na mahaifa, ta sauko har ta rufe bakin mahaifa.

A wannan lokacin ba abin tashin hankali ba ne, kuma nas ɗin da ta karanta mata takardar ta yi daidai da ba ta firgita ta ba. Cikin mata goma da ake gani da mabiyiya a ƙasa a tsakiyar goyon ciki, kusan tara tasu tana yin sama kafin haihuwa. Ba tafiya take yi ba. Ƙasan mahaifa ne ke miƙewa a watannin ƙarshe, sai wurin da mabiyiya take manne ya yi nisa da ƙofa. Waɗanda tasu ke nan daram har lokacin haihuwa ba su wuce mace ɗaya cikin 200 ba. Sai dai matar nan tana da abubuwa uku da ke sa a ƙara sa ido: yawan haihuwa, shekaru, da tabon aikin baya. An ba ta ranar dawowa sikanin a mako na 32, an ce kada a yi kwanciyar aure, kuma ko ɗigon jini ta gani ta taho.

A mako na 32 ta dawo. Sikanin ta kan ciki bai nuna gefen mabiyiyar sosai ba, kan yaron ya kare, abin da ya saba faruwa idan mabiyiya a baya take. Likita ta nemi a yi na ciki, wanda ake sa siririyar na'ura ta gaba. Matar ta ƙi da farko, kuma tsoronta yana da hujja, tunda an gaya mata kada komai ya shiga. Aka yi mata bayani cewa na'urar ba ta kaiwa bakin mahaifa, daga nesa take haskowa, kuma mace ce za ta yi. Ta yarda. Sakamako: mabiyiya ta janye daga kan ƙofar, amma gefenta milimita 5 kacal yake da ita.

Ma'aunin da ake bi a yau mai sauƙi ne. Idan mabiyiya ta hau kan bakin mahaifa na ciki, ta tare hanya ke nan. Idan ba ta hau ba amma gefenta bai kai milimita 20 daga gare shi ba, ta sauko ƙasa. Daga milimita 20 zuwa sama, lafiya lau. Tata tana rukuni na biyu, amma can ƙarshensa mafi kusa da ƙofa.

An kuma duba wani abu da tabon nan ya wajabta dubawa. Mabiyiya idan ta sauka a kan tsohon ɗinki tana iya nutsewa cikin naman mahaifa, ta ƙi fita bayan haihuwa, kuma wannan shi ne mafi munin abin da ake gudu. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2006 ya nuna cewa a cikin matan da mabiyiya ta tare musu hanya, haɗarin kafewarta kusan kashi 3 cikin 100 ne ga wadda ba a taɓa yi wa aiki ba, kashi 11 ga mai tabo ɗaya, kashi 40 ga mai biyu. Sa'ar matar nan ita ce tabon yana gaba, mabiyiyar tana baya, kuma sikanin bai nuna alamar kafewa ba.

Jinin farko

A mako na 33 da kwana 2, cikin dare, ta farka ta ji zaninta a jiƙe. Jini ja wur, ba ciwon mara, ba ciwon baya, yaro na motsi. Haka jinin mabiyiyar ƙasa yake zuwa, ba sallama kuma ba zafi, saɓanin mabiyiyar da ta ɓalle daga saman mahaifa, wadda ke zuwa da ciwo mai tsanani da ciki ya ɗaure kamar dutse. Dalilin zubarsa kuwa, ƙasan mahaifa yana miƙewa, mabiyiya ba ta miƙewa. Kamar facin da aka liƙa a tib ɗin keke ne: idan aka ƙara iska roba ta buɗe, facin bai buɗe ba, sai gefensa ya ɗago. Inda ya ɗago nan jijiyoyin uwa suke, kuma a ƙarshen goyon ciki jinin da ke ratsa mahaifa ya haura rabin lita a kowane minti.

An fara kai ta ƙaramin asibitin garin. Ma'aikaciyar da ke bakin aiki ta karanta katin awo, ta ga layin nan, ba ta sa yatsa ta auna buɗewar mahaifa ba. Wannan ƙin sa hannun shi ne babban aikin da aka yi a daren. Yatsa ɗaya na iya ɓare mabiyiya ya mai da ɗigo ambaliya. Ta sa mata kanula da ƙarin ruwa, ta tura su gaba. An yi ruwan sama da yamma, motar ta kafe a fadama, tafiyar da ake yi a ƙasa da awa guda ta ci awa biyu da rabi.

A babban asibiti jinin ya tsaya da kansa kafin gari ya waye, kamar yadda na farko ya saba yi. PCV ɗinta, ma'aunin yawan jinin jiki, 27 ne, wato tana da ƙarancin jini tun kafin a je ko'ina. Bugun zuciyar yaro daidai. Aka yi mata allurar deksametason, miligiram 24 a rarrabe, don gaggauta ƙwarin huhun jariri ko da za a tilasta ciro shi a kwanakin. Amfanin wannan allura a asibitoci irin namu ba zato ba ne. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 2020, wanda Najeriya na cikin ƙasashe biyar da aka yi shi, ya nuna tana rage mutuwar jariran da aka haifa kafin mako na 34. Aka duba rukunin jininta, aka gwada zazzaɓin cizon sauro, aka ƙara mata maganin ƙarin jini.

Ba a yi aiki a ranar ba. Wannan haƙurin yana da tarihi. A da, mace na zubar da jinin mabiyiya ake fitar da yaro ko wata nawa ne, kuma jarirai da yawa sun mutu saboda rashin ƙwari. A 1945 wani likita a Belfast, Charles Macafee, ya nuna cewa idan jinin ya tsaya, uwa na cikin hayyacinta, ana iya kwantar da ita kusa da ɗakin tiyata da jini a ajiye, a bar cikin ya ƙara makonni. Har yau ɗaliban likitanci a Najeriya da sunansa suke kiran tsarin. Sharaɗinsa dai bai canja ba: kusa da tiyata, kusa da jini.

Bayan kwana biyar ba jini, ta ce gida za ta. Yara biyar, ga damina, ga gadon asibiti da ba ya barci. A Landan ko Toronto da an sallame ta, tunda can ana barin mace irinta ta zauna a gida matuƙar akwai mai kula da ita da motar da za ta kawo ta cikin mintuna. Likita ta tuna mata awa biyu da rabi. Aka yi sulhu: tana da goggo a cikin garin, tafiyar minti goma a keke Napep, can za ta zauna, kuma a ajiye lambar mai keken da zai tashi ko ƙarfe nawa ne. A mako na 35 da kwana 1 jini ya sake zuwa, ya ɗan fi na farko. Wannan karon an kwantar da ita, ba maganar fita sai da jariri.

Ranar da kowa ke so

Sikanin mako na 36 shi ne na yanke hukunci. Gefen mabiyiya ya matsa zuwa milimita 8, ba ƙari. Gefen mai kauri ne, kan yaron yana sama bai shiga ƙugu ba, ya ɗan karkace. Da a ce tazarar ta kai milimita 11 zuwa 20, ba tabo, ba jini, da an zauna an tattauna gwada naƙuda a cikin asibiti, domin mata da dama a wannan rukuni suna haihuwa da kansu. Da milimita 8, da tabo, da jini sau biyu, wannan ƙofa ta rufe. Aiki za a yi. Saura yaushe.

Tun kafin sikanin nan kowa ya riga ya zo da ranarsa.

Ita mai cikin, tun jini na biyu take cewa, "Likita, don Allah a cire shi in huta. Kullum in na kwanta sai in riƙa taɓa zanina." Ranarta ita ce yau.

Surukarta, uwar maigidan, tana lissafi da wata. Daga Sha'aban ta fara ƙirga, watan da aka yi ɓatan wata, ga shi ana cikin watan Mauludi. "'Yar nan," ta ce wa likitar, "ni tara na haifa. Ban taɓa ganin an ciro ɗa wata takwas bai cika ba a ce da gangan aka yi. Ku bar shi ya yi ƙwari." Likitar ba ta ce mata ta yi kuskure ba, domin ba ta yi ba. Mako 36 kwana 252 ne daga hailar ƙarshe, kuma a yadda Inna ke ƙirga watan takwas bai ƙare ba. "Inna, lissafinki daidai ne," ta ce. "Da yaron kaɗai muke dubawa, da mun bar shi. Amma jini sau biyu ya zo, na biyu ya fi na farko. Na uku ba mu san girmansa ba, kuma ba zai tambaye mu rana ba."

Maigidan kuwa sai da ya bari mata suka fita. "Likita, in da hali a ƙara mana sati biyu. Riɗi ya kusa yanka. In na kai kasuwa, duk abin da kuka ce a saya zan saya." Ana yawan ɗaukar irin wannan roƙo a matsayin jahilci ko rashin tausayi, kuma ba haka ba ne. Mutumin ya ga aikin baya, ya san abin da ya ci, yana neman ya shigo da ƙarfinsa ne. Amsar da ta dace da shi ba wa'azi ba ce, lissafi ne: aikin gaggawa cikin dare da leda huɗu ko biyar na jini da yaro a kwalba ya fi aikin da aka shirya tsada nesa ba kusa ba. Aka haɗa shi da ofishin jin ƙai na asibitin, ya kuma karɓi rance a kan amfanin gonarsa wurin ɗan'uwa. Yau akwai ƙarin tambayar da ya kamata iyali su yi tun ranar farko: a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, sai a bincika ko asibitin da ake ciki yana cikin shirin, da abin da kyautar ta ƙunsa da wanda ba ta ƙunsa ba.

Abin da littattafai suka ce, da inda suka tsaya

Manyan ƙa'idoji uku da likitocinmu ke dubawa ba su faɗi rana ɗaya ba. Kwalejin likitocin mata ta Birtaniya, RCOG, a ƙa'idarta ta 2018, ta ce idan babu matsala a yi aikin tsakanin mako 36 da 37 cif, idan kuwa an taɓa zubar da jini a yi shi tsakanin mako 34 da mako 36 da kwana 6. Ta Amurka, ACOG, ta ba da mako 36 zuwa mako 37 da kwana 6 ga mabiyiyar da ta tare hanya. Ƙungiyar likitocin mata ta Kanada, SOGC, a 2020, ta fi su rarrabewa: ga mabiyiyar da ba ta rufe ƙofa ba amma tazararta milimita 10 ko ƙasa, mako na 38 idan babu abin tsoro, mako na 37 idan akwai.

Ke nan matar nan, a bisa takarda, ana iya yi mata aiki ko wace rana daga mako 34 har ƙarshen mako na 37 ba tare da an saɓa wa littafi ba. Kusan wata guda. Littafin ya tsaya a nan, sauran aikin na mai duba majinyaciya ne.

Abu na farko da ya taƙaita wannan fili shi ne ingancin lissafin cikin kansa, kuma shi ne abin da aka fi mantawa. Sikanin da aka yi a watanni ukun farko ba ya kuskuren da ya wuce kwana biyar zuwa bakwai. Na mako 21 yana iya kaucewa da kwana goma. Wanda aka fara yi bayan mako 28 yana iya kaucewa da mako uku cur. Ƙa'idojin can an rubuta su ne da zaton kusan kowace mace ta yi sikanin farkon ciki. Matar nan ba ta yi ba. Idan aka ce tana mako 35, yana yiwuwa 33 da rabi ne. Idan aka jira ƙarshen mako na 37, yana yiwuwa ta haura 39, naƙuda na bakin ƙofa. Kuskuren yana cizo ta gefe biyu, don haka duka ƙarshen filin biyu suka fita, aka koma tsakiya. Da a mako na 30 ta fara awo, kamar yadda mata da yawa ke yi, da wannan lissafi ya fi haka duhu.

Na biyu, ɗakin jarirai. Yaron mako 34 ko 35 yawanci yana rayuwa, amma shi ne mai nishi, mai kasa kama nono, mai saurin sanyi, mai faɗuwar sukari, mai shawara. Inda kwalba ta wadata kuma wuta ba ta ɗaukewa, wannan 'yar wahala ce ta mako guda. Inda jarirai biyu ke raba kwalba ɗaya kuma iskar oksijin ta dogara da janareta, kowane mako a cikin uwa yana da daraja fiye da yadda marubutan Birtaniya suka ƙiyasta. Wannan ya ture roƙon mai cikin na a yi a mako na 35.

Na uku, jini, kuma shi ya ture ranar Inna da ta maigida. A yawancin asibitocinmu jini daga dangi yake fitowa. An nemi leda biyu a ajiye da mutum biyu a shirye. 'Yan'uwa huɗu suka zo, gwaji ya fitar da ɗaya saboda ciwon hanta nau'in B, ɗaya kuma nasa jinin bai isa ba. Leda biyu aka samu, da alkawarin wasu mutum biyu daga ƙauye, bayan fadamar nan. Leda biyu sun isa aikin safe da aka shirya. Ba su isa mace da ta fara ambaliya ƙarfe biyun dare da PCV 29 ba, wanda shi ne inda magani ya iya kai nata.

A ganina nan ne gaskiyar lamarin take. Ranar da ake sawa ba ranar da yaro ya fi ƙwari ba ce, ba kuma ranar da uwa ta fi aminci ba, don waɗannan biyun ba sa haɗuwa. Rana ce ta ƙarshe da ake da kyakkyawan zaton za a riga jini zuwa. Wanda ke da ma'ajiyar jini cike da motar asibiti a ƙofa yana iya matsawa gaba. Wanda ke da leda biyu ba shi da wannan sararin.

Aka tsayar da mako 36 da kwana 4, ranar Talata, ita ce ta farko a jerin aikin safe. Zaɓen Talata ba ado ba ne. Babban likita yana nan, mai allurar kashe jiki mafi gogewa yana nan, ɗakin gwaji a buɗe, likitan yara zai tsaya a tiyata, kuma idan wani abu ya biyo baya akwai sauran ranakun aiki kafin ƙarshen mako. Aka rubuta a saman fayil da jan biro cewa idan jini mai yawa ya zo, ko naƙuda, ko bugun zuciyar yaro ya canja, ranar ta rushe, a shiga da ita nan take. Ba a maimaita deksametason ba, tunda ta samu cikakke kuma cikin ya wuce mako 34.

Takardar amincewa ita ta sa wa hannu, maigidan yana zaune. An faɗa musu ƙarara cewa idan jini ya ƙi tsayawa ana iya cire mahaifar gaba ɗaya don a ceci ranta. Maganar tana da nauyi ga mace mai shekara 34 a gidan da ake ƙirga 'ya'ya, shi ya sa aka yi ta kwana uku kafin aiki, ba a bakin ƙofar tiyata ba. An kuma tambaye ta ko tana son a ɗaure bututun ƙwai a lokacin aikin. Ta ce a'a, aka rubuta a'a.

Ranar Talata

Allurar baya aka yi mata, tana farke. An sa kanula biyu manya. Da yake mabiyiya a baya take, likita ba ta ratsa ta ba kafin ta kai ga yaro, wanda da a gaba take da sai an yi dabarar kauce mata ko a yanka ta cikinta da sauri. Mace aka ciro, kilo 2.6, ta yi kuka.

Mabiyiya ta fita ba gardama, sai dai wurin da ta tashi ya ci gaba da tsiyaya. An sa ran haka. Saman mahaifa tsoka ce mai kauri da ke damƙe jijiyoyi da zarar an haihu, ƙasanta kuwa siriri ne, ba ya damƙa sosai, ko an ba da magani. Aka ba da oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta damƙe, aka ba da giram ɗaya na tiraneksamik, maganin da babban binciken WOMAN na 2017, wanda asibitocin Najeriya suka ba da mata da yawa a cikinsa, ya nuna yana rage mutuwa daga zubar jini idan aka ba da shi cikin awa uku. Aka ɗinke wuraren da ke zuba ɗaya bayan ɗaya. Jinin da ta zubar ya kai kimanin lita 1.3. Leda ɗaya aka ƙara mata a tiyata, ta biyu da yamma. Mahaifa ta tsira.

Jaririyar ta fara numfashi da sauri bayan awa guda, aka kai ta ɗakin jarirai, ta kwana a kan oksijin. Washegari ta dawo wurin uwarta. A kwana na uku shawara ta fito, ta yi kwana biyu a ƙarƙashin fitila. Inna ta ce ai ta faɗa, kuma ba a yi mata musu ba, domin wannan numfashin da wannan shawarar su ne abin da aka san za a iya biya tun ranar da aka zaɓi mako 36.

Ko da an jira mako guda da an kauce musu? Mai yiwuwa. Likitan da ya bi ƙa'idar Kanada ya kai ta mako 37 ba za a ce ya yi ganganci ba, tunda tana kwance a asibiti, kuma fitowar uwa da 'ya lafiya ba hujja ba ce cewa ranar da aka zaɓa ita kaɗai ce daidai. Abin da ya rinjaye ni zuwa ga ranar da aka sa shi ne aikin da aka shirya tsaf, da rana tsaka, da kowa a wurin, ya cinye leda biyun nan duka. Ba a bar ko ɗaya ba.

Da wasu abubuwa sun canja, da ranar ta canja. Da ba ta taɓa zubar da jini ba, da sikanin farkon ciki a hannu, da gidanta a cikin gari, mako 37 zuwa 38 ya dace da milimita 8. Da mabiyiyar a gaba take a kan tabo da alamar kafewa, da an tura ta asibitin koyarwa tun mako na 32, a yi aikin wajen mako 34 zuwa 36 da jini mai yawa da shirin cire mahaifa. Da jini na biyu bai tsaya ba, da a daren aka yi, ko mako nawa ne.

An sallame su a kwana na shida da PCV 28 da maganin ƙarin jini na wata uku. A katinta an rubuta abubuwa uku, aka karanta wa ita da maigidan: tabo yanzu biyu ne, don haka duk haihuwa ta gaba a asibiti mai tiyata da jini za a yi ta, a ba da tazarar aƙalla shekara biyu, wanda don shi ta zaɓi ashanar tazarar haihuwa da ake sawa a fata kafin ta fita, kuma idan ciki ya sake shiga, a yi sikanin na farko kafin wata uku ya cika, na biyu a mako na 20 don a ga inda mabiyiya ta sauka, domin idan ta sake tare hanya a kan tabo biyu, lissafin kafewarta ya tashi daga kashi 11 zuwa kashi 40.